Ku Tambayi Mama: Fina-finan Tuba da Rikicin Cikin Gida

Tambaya: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Babanmu mashayi ne tun muna ƙanana. In ya dawo daga gidan burkutu babu wanda yake tsira, har mamarmu. Na bar gida ina shekara 17. Yanzu an ce ya tuba, yana zuwa sujada. A taron matasa aka nuna mana fim ɗin I Can Only Imagine, kowa yana hawaye. Da aka tashi, wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce in je in yi wa babana yadda yaron fim ɗin ya yi wa nasa. Ni kuwa ko muryarsa na ji a waya jikina rawa yake yi. Ko ni ce ban tuba ba?
'Yarki, daga Kafanchan

Amsa: Sannu, 'yata, Allah ya ta'azantar da ke. Rawar jikin nan ba zunubi ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Dattijuwar nan alheri take nufi, amma ta ɗora miki kayan da ba ta san nauyinsu ba.

Fim ɗin da kuka kalla ya fito a 2018, wasu 'yan'uwa biyu, Andrew da Jon Erwin, suka shirya shi. Labarin Bart Millard ne, jagoran ƙungiyar mawaƙan bishara ta MercyMe, wanda ya tashi a garin Greenville a jihar Texas ta Amurka a hannun uba mai duka. An kashe dala miliyan 7 wajen yin sa, ya samo sama da miliyan 80, shi ya sa irinsa suka yi ta fitowa a bayansa. Na kalle shi, ni ma ya sa ni kuka. Dennis Quaid, wanda ya fito a matsayin uban, ya yi aiki mai kyau, har mutum yana ganin kunya da nadama a fuskarsa tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai ki san cewa masu fim sun sake jera abubuwan. A fim, yaro ya bar gida cikin fushi, ya yi yawo da ƙungiyarsa, ya dawo ya tarar uba ya zama wani mutum dabam, ga ciwon daji ya kama shi, cikin ɗan lokaci suka shirya. A zahiri mahaifin, Arthur, ya rasu a 1991, ƙungiyar kuwa sai a 1994 aka kafa ta. Bart yana sakandare aka gano ciwon, kuma yana cikin gidan ya ga sauyin mahaifinsa da idonsa, shekara bayan shekara. Shi yake yi masa allura da dare, su zauna suna hira har tsakar dare. Ba labari aka kai masa cewa "an ce babanka ya tuba" ba. Ya ga mutumin da ke dukansa ya daina, ya ga ya nemi gafara, ya ga bai koma ba. Akwai ma abin da fim ɗin bai nuna ba: kafin duk wannan, wata babbar mota ta buge Arthur yana aikin hanya, ya yi makonni bai san inda kansa yake ba, kuma iyalin sun ce daga nan ne halinsa ya rikice. Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Na kawo ne don ki ga cewa abin da aka dunƙule miki cikin ƙasa da awa biyu ya fi haka tsawo da ruɗani. Don haka kada kowa ya auna ki da wannan ma'auni.

Gafara umarni ce, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina so ki kai wurin, domin riƙon nan ke yake ci. Amma gafara tsakaninki da Allah take farawa: ki sauke niyyar ramuwa, ki daina yi masa fatan mugun abu, ki iya sa sunansa cikin addu'a ko da da ƙyar ne. Komawa gida da sake ba da amana kuwa sai da hannun mutum biyu. Ki duba Yusufu a Littafin Farawa, daga sura 42. 'Yan'uwansa sun zo Masar, ya gane su, ya ɓuya ya yi kuka, amma bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su ya ga Yahuza ya yarda ya zama bawa a madadin Biliyaminu. Zakka kuma, a Luka 19, da ya tuba sai ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Tuba tana da aikin da ake gani.

Akwai wani Ba'amurke, Louis Zamperini, wanda shi ma aka yi fim a kan tubarsa a 2018. Ya yi gudu a wasannin Olamfik na birnin Berlin a Jamus a 1936. A yaƙin duniya na biyu jirginsa ya faɗa teku, ya yi kwana 47 a kan ruwa, sojojin Japan suka kama shi suka azabtar da shi. Da ya dawo gida sai giya da mugayen mafarkai, har matarsa ta nemi rabuwa. A 1949 ya ba da ransa ga Almasihu a taron wa'azin Billy Graham a Los Angeles. A 1950 ya koma Japan ya gafarta wa masu gadinsa a kurkukun Sugamo. Amma wanda ya fi azabtar da shi, Watanabe, ya ƙi yarda su haɗu ko da aka nema bayan shekaru da yawa. Zamperini ya gafarta masa, sulhu kuwa bai yiwu ba, kuma laifin ba na Zamperini ba ne.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki fara da mamarku, ita ce ta san gaskiya. Ki tambaye ta a keɓe: ya daina sha? Tun yaushe? Hannunsa ya sake taɓa ta? Ya taɓa buɗe baki ya ce "na cuce ku"? In amsoshin sun kwantar miki da hankali, ki je da rana, tare da gwaggo ko kawu ko matar fasto da kika yarda da ita, ki gaishe shi ki dawo, ba sai kin kwana ba. In kuwa har yanzu yana dukanta, zuwansa coci bai canza komai ba tukuna. Dattawan ikilisiya suna bukatar su sani, in ta kama a kai ga hukuma a kai. Ki kuma nemi mai ba da shawara da ya san aikin jinyar zuciya, ki faɗa masa abin da kika gani kina yarinya. Sake rubuto mini, ina so in ji yadda kike.

Tambaya: Mama, ni ne sakataren ikilisiyarmu. Muna shirin makon iyali, kuma magidanta da yawa kasuwa ta karye musu. Wane fim za mu nuna wanda yara ma za su iya kalla?
Ɗanki, daga Bukuru

Amsa: Ɗana, ku nemi Unsung Hero na 2024. Labarin David da Helen Smallbone ne, mutanen Ostareliya. David mai shirya tarukan waƙa ne, ya yi asara mai yawa, sai ya kwashi iyali zuwa Nashville a Amurka a 1991, da yara shida, matarsa kuma da cikin na bakwai. Aikin da ya dogara da shi ya rushe. Suka shiga gida babu gado babu kujera, suka koma sharar ganye da yankan ciyawa da goge-goge a gidajen mutane, yara da manya. Ɗansu Joel ne ya fito a matsayin mahaifin nasa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka nuna girman kan magidanci. Mutanen coci suna kawo taimako, shi kuwa kowace kyauta tana ƙona masa rai, har ya fara huce haushinsa a kan iyali. Mazanmu za su gane kansu a nan, ko da ba su faɗa ba. Matan ma za su ga Helen, wadda ta riƙe gidan ba tare da ta wulaƙanta mijinta ba.

Amma bayan an kashe na'ura, wani dattijo ya tashi ya yi magana. 'Yar gidan ta zama Rebecca St. James, Joel da ɗan'uwansa Luke suka zama ƙungiyar For King & Country, duk mashahuran mawaƙa, kuma saboda shaharar ce aka yi fim ɗin. Akwai iyalai masu yawa da suka yi addu'a da aminci irin wannan, 'ya'yansu ba su yi suna ba, bashin ma an daɗe ana biya, kuma Allah bai yashe su ba. In ba a faɗi haka ba, mutumin da shagonsa ya rufe zai koma gida yana zargin bangaskiyarsa. Fim ɗin da Turanci yake, ku sa mai fassara ya riƙa tsayarwa yana bayani saboda tsofaffi. Wancan na Bart Millard kuwa akwai duka da zagi a ciki, kada a bar ƙananan yara su kalla su kaɗai.

Tambaya: Mama, me ya sa ba mu da irin waɗannan fina-finai da Hausa, a kan mutanenmu?
Wani ɗan ƙungiyar wasan kwaikwayo, daga Zariya

Amsa: Ba labari muka rasa ba, ɗana. Kai da ke Zariya, Wusasa tana kusa da kai, garin da ya fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. A kudu, ƙungiyar wasan kwaikwayon bishara ta Mount Zion ta yi fim ɗin The Train a 2020 a kan rayuwar wanda ya kafa ta, Mike Bamiloye, mutane da yawa suka kalla a YouTube. Mu kuwa har yanzu fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa shi muka fi haskawa a filin wa'azi.

Kuɗi matsala ce, amma wadda ta fi ta ita ce rufin asiri. Labarin tuba ba ya tsayuwa sai an faɗi abin da aka tuba daga gare shi, mu kuwa ba ma tona asirin uba a bainar jama'a, kuma ina ganin wannan kunyar tana da amfaninta. Fim ɗin Bart ma sai da mahaifinsa ya yi shekara 27 da rasuwa ya fito. In za ku yi, ku fara da wanda yake raye ya kuma yarda ya ba da shaidarsa da bakinsa. Ku ɗauki muryarsa a waya, sa'an nan ku je wurin matarsa da 'ya'yansa, ku ji nasu ɓangaren ba a gabansa ba. Duk abin da suka ce kada a nuna, ku bar shi. A cikin rubutun kuma ku ba shekarun da suka biyo bayan tubar fili mai yawa, har da ranar da ya kusa komawa gidan giya da wanda ya tare shi a hanya.