Na yafe wa yayana a gaban dattawan ikilisiya, shin zan iya neman gidan mahaifinmu a kotu yanzu?

Wata mai karatu daga Jos ta rubuto cewa mahaifinsu ya rasu bai bar wasiyya ba, ya bar gida ɗaya a gefen gari, kuma babban wansu ya sayar da gidan bai tuntuɓe ta ko ƙannenta mata ba. Da rigima ta tashi, dattawan ikilisiyarsu suka zaunar da su, aka yi addu'a, ita kuma ta ce ta yafe. Yau fiye da shekara 15 ke nan, wanda ya saya ya rushe tsohon ginin ya ɗora bene, unguwar ta yi tsada, ita kuwa abin bai bar ranta ba. Fastonta yana ce mata ta daina waiwaye, yana tuna mata da matar Lutu. Tambayarta ita ce: tunda ba ta sa hannu a kowace takarda ba, ashe ba ta da ikon karɓo gidan duk ranar da ta ga dama?

'Yar'uwa, abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan labarin da kika bayar kaɗai, ban ga takarda ko ɗaya ba, ban kuma ji ta bakin yayanki ba, saboda haka ki ɗauke shi a matsayin bayani na gaba ɗaya kafin ki zauna da lauya. Sai dai zan fara da gyara zaton da kika gina tambayarki a kansa, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Rashin sa hannunki bai ajiye miki haƙƙinki har abada ba. Doka tana ƙirga shekarun da mutum ya yi shiru bayan an taɓa masa haƙƙi, kuma ba ta cika tambayar dalilin shirun ba, ko tsoro ne, ko kunya, ko biyayya ga dattawa.

Jihohin Najeriya suna da dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara. A Jihar Filato, dokar 1988 ta ba da shekara 10 ga mai neman karɓo fili ko gida, da shekara 5 ga ƙarar da ta shafi yarjejeniya ko ɓarna. A Legas wa'adin fili shekara 12 ne. Alƙali yakan duba ranar da dalilin ƙara ya auku, ya duba ranar da aka shigar da takardar ƙara, idan wa'adi ya wuce sai ya ce ba shi da hurumin sauraro, ko da kuwa mai ƙara ce da gaskiya. Akwai abubuwan da kan dakatar da ƙirgen, misali idan an ɓoye cinikin da zamba har ba a gano ba sai daga baya, ko idan wanda ake tuhuma ya amsa haƙƙin a rubuce. A naki labarin, ban ga yadda za ki ce an ɓoye miki ba, tunda ke da kanki kika zauna gaban dattawa a kan maganar.

Wataƙila wani zai ce miki gidan gado ne na gargajiya, al'ada kuma ba ta san wa'adi ba. Maganar tana da tushe, kuma ko dokar wa'adi ta hau kan wannan gida ya danganta da irin takardar da yake da ita da kuma yadda kotu ta fassara dokar jihar. Amma ko an bi ta wannan hanya, akwai wani shinge a gaba. Tun shari'ar Akpan Awo da Cookey Gam a 1913, kotuna suke ƙin taimakon wanda ya zuba ido shekara da shekaru, wani yana zaune a fili yana kashe kuɗi a kansa da zaton nasa ne, sa'an nan ya taso daga baya. Benen da mai saye ya gina, kina gani ba ki aika masa ko wasiƙar gargaɗi ba, shi ne abu na farko da lauyansa zai nuna wa alƙali.

Game da cinikin kansa, ka'idar da kotuna suke bi tun shari'ar Ekpendu da Erika a 1959 ita ce: idan wani ɗan gida ya sayar da kadarar iyali ba da yardar shugaban iyali ba, cinikin ɓatacce ne tun asali, idan kuwa shugaban iyali ne ya sayar a madadin iyali bai nemi yardar manyan 'yan gida ba, cinikin yana tsaye har sai an rushe shi, kuma dole a nemi rushewar da wuri. A shari'ar Mogaji da Nuga ta 1960, waɗanda suka jira shekara 10 an ce musu sun makara. Idan yayanki ya rubuta a takardar ciniki cewa gidan nasa ne na kansa, matsayinki zai ɗan fi ƙarfi, shi ya sa ganin wannan takarda ya fi komai muhimmanci. Duk da haka, ba zan ba ki ƙwarin gwiwa cewa za ki fitar da mai bene ba.

Inda nake ganin kina da abin riƙewa shi ne tsakaninki da yayanki. Idan hujjarsa ita ce mata ba sa gadon gida, wannan magana ba ta da ƙafa a kotu. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje da Ukeje cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Al'adar Ibo ce aka yi shari'a a kanta, amma dalilin hukuncin ya shafi duk wata al'ada mai irin wannan wariya. Bayan haka, wanda ya riƙe dukiyar gado a madadin magada ana iya ɗaukarsa mai riƙon amana, kuma dokokin wa'adi sukan sassauta wa magajin da ke neman kasonsa daga hannun mai amanar da ya cinye. Na ce "ana iya" da gangan, domin sai an tabbatar da matsayin da ya riƙe gidan da shi, ko ya karɓi takardar izinin kula da gado daga Babbar Kotu, da kuma irin auren da iyayenku suka yi. Mutane suna zaton duk auren coci auren rajista ne, alhali sau da yawa auren gargajiya ne aka sa masa albarka, bambancin kuwa yana iya sauya dokar da za a raba gado da ita.

Sai maganar yafiya, wadda a ganina kika haɗa abu biyu wuri ɗaya, kuma mai yiwuwa dattawan ma sun haɗa. Ni lauya ne, ba fasto ba, amma ayoyin da ake karanta miki sanannu ne. A Filibiyawa 3:13 Manzo Bulus yana maganar mantawa da abin da ke baya da miƙewa zuwa abin da ke gaba, Ishaya 43:18 kuma yana cewa kada a riƙa tuna al'amuran dā. Waɗannan suna magana ne da zuciyar wanda aka cuta. Ba su ce wanda ya ci haƙƙi ya riƙe abin da ya ci ba. A Luka 19 Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Abin da ya ɗan ba ni haushi a labarinki shi ne, an nemi ke ki yafe, amma ban ji inda aka nemi yayanki ya kawo lissafin kuɗin ba, kuma ga alama shi ya ji daɗin hakan har yau. A wajen doka, "na yafe" da baki a taron addu'a ba lallai ya zama sarayar da kason gado ba. Sai dai lauyansa zai kawo waɗancan dattawa su ba da shaida cewa kin amince, kuma idan akwai littafin da sakataren ikilisiya ya rubuta abin da aka yanke, kotu za ta duba ko kun miƙa kanku ga sulhun da son ranku, kun yarda hukuncin zai ɗaure ku, kuma ba wanda ya janye a lokacin. Waɗannan su ne sharuɗɗan da Kotun Ƙoli ta yi magana a kansu a shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991 game da sulhun gargajiya, ko da yake ba kowane zaman coci ne yake cika su ba.

Ƙofar kotu a buɗe take, amma shari'ar fili tana iya ɗaukar shekaru kafin a zo maganar ɗaukaka ƙara, kuma ki sa a ranki cewa abu na farko da za a yi jayayya a kansa shi ne wa'adi, ba gaskiyarki ba. Shawarata ita ce ki bar mai bene, ki nemi kasonki na kuɗin gidan daga yayanki ta hanyar sulhu, wanda bai saɓa wa 1 Korintiyawa 6 da Matiyu 18:15-17 ba, ayoyin da ke koyar da a sasanta rigimar 'yan'uwa a cikin ikilisiya. Bambancinsa da zaman farko shi ne a wannan karo a zo da lauya ko mai shiga tsakani da aka horar, a haɗa da ƙannenki domin su ma magada ne, a fito da ainihin kuɗin da aka sayar, a tattauna faɗuwar darajar naira tun daga lokacin, a kuma rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu da ranakun biya. Dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta amince da irin wannan yarjejeniya, kuma lauya zai gaya miki hanyar da za a bi kotu ta tilasta cika ta idan aka saɓa. Kada ki yi tsammanin kuɗin benen yau. Abin da za ki iya nema da hujja shi ne rabonki a abin da ya karɓa.

Kafin ki je wurin lauya, ki nemi takardar shaidar rasuwar mahaifinku, takardar auren iyayenku idan akwai, duk wata takardar gidan, da kwafin abin da aka rubuta a zaman dattawa, a kuma bincika ofishin rajistar filaye na jiha a ga sunan wa ke kan takardar mallaka. Idan yayanki ya taɓa aiko miki da saƙon waya ko wasiƙa yana amsa cewa kina binsa kaso, ki adana shi sosai. Kada ki shiga harabar gidan, kada ki tura matasa su yi wa mai saye barazana, kuma kada ki kira yayanki ɓarawo a Facebook ko a rukunin WhatsApp na zumuntar mata, domin hakan na iya jawo miki ƙarar ɓata suna a daidai lokacin da kike bukatar ya zo ya zauna a teburin sulhu.