Ba haya muke yi ba, Yaya

Yaya, saƙonka ya iso, har da abin da ka bari a cikin ciki. Ka ce an gaya maka mun tattara kuɗi mun miƙa wa wani Bature don ya ƙara mana shekaru a gidan da muke zaune, kana tambaya ashe duk daɗewarmu a Landan haya muke yi? Na san zauren da aka fara tauna wannan maganar.

A Ingila yawancin fulat haka ake sayar da su. Sashenka naka ne, kana iya sayarwa, kana iya barin sa gado. Amma ƙasar da benen ke kai tana da mai ita, kuma abin da ke hannunka takarda ce ta shekaru, galibi 99 ko 125, lissafin kuma yana farawa ne daga ranar da aka rubuta wa mutum na farko. Kafin ka yi dariya, buɗe akwatinka ka duba takardar filinka ta C of O. Shekara 99 aka rubuta, kuma tun dokar 1978 ƙasar tana hannun gwamna. Bambancinmu kawai, a nan ana ƙirga shekarun da gaske.

Idan suka yi ƙasa, banki ya fara ƙin ba mai saye bashi, farashin gida ya dinga zubewa. Dokar 1993 ta ba mai fulat ikon tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan waɗanda suka rage, kuɗin ƙasa na shekara-shekara kuma ya koma abin da suke kira ƙwayar masoro, wato babu. Lauyanka ya aika masa takarda da tayinka, a ba shi wata biyu ya mayar da nasa, sai masu ƙiyasin ɓangarorin biyu su yi ta ja kamar cinikin rago ana gobe Sallah. In an kasa daidaitawa a je kotun gidaje. Abin da ya fi ci mini rai, kai za ka biya lauyanka, ka kuma biya nasa.

Ramin yana kan shekara 80. Da zarar ka faɗa ƙasa da ita, sai a lissafa ƙarin darajar da gidan zai samu bayan an tsawaita takardar, mai ƙasa ya ɗauki rabi. Sunan da suka ba wannan kuɗin, in na fassara maka, darajar aure. Ranar da lauya ta faɗa sai da na kalli Hajiya, ta kau da kai tana danne dariya. Mu tamu ta sauko 78 ban ma sani ba, takardar na ƙasan akwati tare da satifiket ɗin yara.

Ka san wa ya tono ta? Mijin ƙaramarmu. Eh, shi ɗin dai, Baturen da aka ƙi zuwa ɗaurin aurensa, wanda har yau in an kira waya ba a tambayar lafiyarsa. Ya zo shan ruwa da azumi, ya nemi ganin takardar, ya shimfiɗa ta a kan ledar cin abinci kusa da kwanon ƙosai, ya bi layi-layi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Baba, kowace shekara da ta wuce kuɗin ƙaruwa yake." Baba yake ce mini, kuma ba ya zama a kujera in ina ƙasa. An yi wata doka a 2024 da ta yi alƙawarin shekara 990 da soke darajar auren, amma waɗannan sassan ba su fara aiki nan take ba, ni kuma shekaruna sun wuce na zaman jiran alƙawarin gwamnati.

Na ji ana cewa da mun ɗauki kuɗin mun yi gini a gida, wai wanda ya ƙara shekara 90 a ƙasar Turawa ya yanke ƙauna da Kano. Yaya, ai mun gwada. Ginin da na yi shekaru ina turo wa kuɗi yana nan a linta, awaki na kwana a ciki, kuma ban taɓa kiran sunan kowa ba. A wannan fulat ɗin aka yi sunan jikokina biyu, a nan Hajiya ke tuƙa tuwo maƙwabta na bugo ƙofa suna tambayar ƙanshin daddawa. Jikata Hausarta da gargada, na yarda, tana ce wa ƙofa kofa, amma in ta shigo sai ta durƙusa ta gaishe ni. Yara nawa ne a Nasarawa ke yin haka yanzu?

In ka samu lokaci ka leƙa wajen ginin nan, ka ɗauko mini hoto kafin damina.