Amsa kan ƙanin da tramol ya taɓa wa kai

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki a Marwa yana shan tramol da wiwi kuma yanzu yana magana shi kaɗai, wai a ɗaure shi ko a kai wurin malam. Don Allah kar a sa masa mari. Ku kai shi asibiti wurin masu kula da ƙwaƙwalwa, a gaya wa nas gaskiya duka, ƙwaya nawa yake sha a rana, saboda ciwon biyu, wato shaye-shayen da taɓin kan, tare ake maganinsu, in aka bar ɗaya zai dawo da ɗayan. Tramol ba a yanke shi dare ɗaya, in aka yi haka zufa ne da ciwon jiki da rashin barci, a hankali likita ke ragewa. Addu'a kam a ci gaba, ba ta hana magani. In ya fara zancen kashe kansa kar ku bar shi shi kaɗai.