Yadda muke cin abinci a gidajen Faransawa a nan Kobe

Yaya barka da warhaka, ya iyali, ya su Hajiya. Na ga tambayarka, wai me ya haɗa mu da abincin Faransawa alhali a Japan muke, kuma ba alade da giya ne rabin girkinsu ba. To gaskiyarka, akwai su kam, shi ya sa ma ba shiga muke yi kai tsaye mu ce a zubo mana ba, abin yana da shiri.

Su Japanawa ai sun daɗe da rungumar girkin Faransa, tun zamanin Sarki Meiji da ya fara cin naman sa a 1872 fadarsu ta ɗauki girkin Faransa ya zama abincin tarbar manyan baƙi, har yau in shugaban wata ƙasa ya zo liyafar fada galibi shi ake kawowa. Kobe kuma garin tashar jirgin ruwa ce da aka buɗe wa baƙi a 1868, Turawa suka zauna a unguwar Kitano can saman tudu, tsoffin gidajensu na nan ana zuwa kallo. A gefen unguwar nan masallacinmu yake, na 1935, shi ne mafi tsufa a duk ƙasar, bama-baman yaƙin duniya na biyu a 1945 ba su rushe shi ba, girgizar ƙasar 1995 ma haka. Dan haka in ka fito daga Juma'a zaka gangara tashar Sannomiya sai ka yi ta wuce ƙananan gidajen abincin nan, wani tebur biyar ne kacal a ciki, kukun Bajapane ne da ya je Faransa ya koyo, matarsa ke kawo abinci.

Yawanci ba marmari ke kai mu ba. Ɗalibi ya gama digiri farfesansa ya gayyace shi, ko masu harkar motoci da kayan gyara abokin ciniki ya ce a zauna a ci abinci, kuma a ƙasar nan ƙin amsa irin wannan gayyata yana da nauyi. Sai kuma jefi-jefi mutum ya fitar da maiɗakinsa.

Abu na farko sai ka kama tebur tun da kwanaki, ta waya ko ta intanet, ka rubuta musu abin da baka ci. Anan ne nake jinjina wa mutanen nan wallahi, in ka ce baka cin abu suna ɗaukarsa kaman maganar ciwo ce, in zasu iya su ce zasu iya, in ba zasu iya ba su baka haƙuri tun a waya, ba wai su ce eh sannan su tsame naman su miƙo maka ba. Amma fa sai ka yi bayani dalla-dalla dan da yawansu in ka ce alade tsokar kawai suke ganewa. Matsalar ba tsoka ba ce, ita ai ana ganinta. Matsalar tana cikin miya da romo. Girkin Faransa sau da yawa miyar da aka zuba wa nama an ƙona jar giya a cikinta, ta kifi kuma farar giya, romon da ake miyar da shi ƙashin sa ne ko na kaza, wani lokaci a soya albasa da yankakken naman alade mai gishiri dan ƙamshi sannan a markaɗe ka ga miyar kabewa ce tsaf. Kayan zaƙi ma ba'a barsu ba, akwai jelatin wanda sau da yawa daga fatar alade ake yinsa, akwai kek da ake jiƙawa da giya. Kukun zai ce maka ai giyar ta ƙone a wuta bata bugarwa, da zuciya ɗaya yake faɗa, sai ka lallaɓa ka ce a dai bari, a sa lemun tsami da man shanu.

Naman sa da kaza kuma mu dai bama ci in ba na halal ba ne, saboda rangwamen yankan Ahlul Kitabi bai shafi nan ba, yawancin mutanen ƙasar addinin Shinto da na Buda suke bi. Wasu cikinmu in aka ce naman daga Ostareliya ya zo suna ci, ni ban natsu da hakan ba. To sai mu koma kifi, kuma Allah ya taimake mu garin a bakin teku yake, ga garin Akashi nan kusa wanda kifinsa ya yi suna a duk Japan. Mu 'yan Malikiyya ma mun huta, duk abin da ya fito daga teku muna ci, jatan lande, ƙaguwa, har wannan mai hannaye takwas ɗin, 'yan uwanmu na Pakistan da ke bin Hanafiyya su ne ke ta tambaya akan kowane faranti.

In za'a je muna son a samu ɗan Nijar a tafiyar, ba wasa ba. Takardar abincin da rubutun Japan take, amma sunan kowane girki da Faransanci yake a ƙasa, akwai wani ɗan uwa Badamagare da yana kallo ɗaya zai ce wannan da naman alade, wancan an dafa da giya, mu 'yan Najeriya muna ta zare ido. Shi ne ma ya nuna mana cewa dogon burodin nan irin wanda suke ci a gida ya fi aminci, fulawa ce da ruwa da gishiri da yis shikenan, burodin Japan mai laushi shi ne wani lokaci ake sa wa kitsen da baka san asalinsa ba. Kobe kuwa garin burodi ne, kamfanin burodin nan na Donq ma a nan ya fara a 1905.

Zaman teburin kansa sai ka saba. Za'a fara miƙo maka ɗan tawul mai ɗumi ka goge hannu, ga wuƙaƙe da cokula masu yatsu jere dama da hagu, daga na waje ake farawa ana shigowa ciki. Su a hagu suke riƙe cokali mai yatsu, mu kuma sai mu yanka kifin duka tukunna mu aje wuƙa mu maida cokalin dama, ba wanda zai kalle ka, wasu wuraren ma tsinken cin abincin nan nasu suke ajewa a gefe. Abincin kuma ɗaya bayan ɗaya yake zuwa, faranti ƙato abin ciki loma uku, mai kawowa ya tsaya ya yi maka bayanin daga wace gona ganyen ya fito kai kuma yunwa na cinka, haka za'a kwashe awa biyu. Daɗi dai akwai shi, ƙoshi ne babu tabbas, da yawanmu in an koma gida sai an ɗora tukunyar shinkafa.

Kuɗi kuma na rana ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, abincin da zaka biya yen dubu uku zuwa biyar da azahar da daddare sai ya ninka biyu ko uku, dan haka mu da rana muke zuwa. Ba'a bada tukuici a Japan, in ka bar canji a tebur biyo ka zasu yi da shi har titi, sai dai akwai harajin kashi 10 cikin ɗari, manyan wurare kuma su ƙara kuɗin hidima. Lokaci kuwa ba irin namu na biki ba ne, in ka ce ƙarfe goma sha biyu to ka iso kafin nan, in ka fasa a ranar wasu sai ka biya kuɗin abincin gaba ɗaya tunda dan kai aka sayo kifin.

Inda muka rabu a tsakaninmu shi ne zama a teburin da ake shan giya. Akwai dattijanmu da ko ƙofar basa shiga saboda hadisin da ya hana, kuma ba mai ganin laifinsu. Ni abin da nake yi, in ni na kama teburin to ba giya a kansa, ruwa ne da lemo, in kuma gayyatar aiki ce ina faɗa wa mai gayyatar tun kafin ranar, sau da yawa sai ka ga shi ma ya haƙura ya sha shayi. In ya ce ba zai iya ba sai in nemi a maida zaman na rana.