Ko Sabuwar Dokar Haraji Za Ta Rage Kuɗin Haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune da iyalina a gidan haya da nake biyan naira 600,000 a shekara. Na ji an ce sabuwar dokar haraji ta kawo wa 'yan haya sauƙi, amma ga shi mai gida ya aiko cewa zai yi ƙari. Ina sauƙin yake? Daga mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauƙin yana nan, sai dai a kan harajin albashinka yake, bai shafi abin da mai gida zai nema ba. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, sannan ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa daga abin da yake samu kafin a lissafa harajin, amma abin da za a cire ba zai wuce naira 500,000 ba.

A lissafinka za a cire naira 120,000, kuma idan albashinka yana matakin da ake karɓar kashi 15 cikin 100, abin da zai rage maka a aljihu naira 18,000 ne a shekara. Da babu gara ba daɗi, amma wannan ba zai toshe ƙarin mai gida ba.

Tsadar haya kuwa tun daga fili take farawa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka mai son gini sai ya bi takardar mallaka, sannan a Kano ya nemi izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA, kafin ya fuskanci farashin siminti da rodi. Duk jinkiri da kuɗin da ya kashe a wannan hanya, a kan ɗan haya yake fanshewa. A ganina gyaran da zai taɓa haya na gwamnatocin jihohi ne: su yanka filaye masu titi da magudanar ruwa, su kuma gaggauta ba da takardu.

Kafin nan, ka riƙa karɓar rasit duk lokacin da ka biya, ka kai wa sashen albashi na wurin aikinka, domin sai ka bayyana kuɗin hayar za a yi maka rangwamen.