A sake biyan awon jini bayan ya samu sauƙi?

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Tawa. Ciwon haƙori ya hana shi barci, ya yi ta haɗiyar asfirin da parasetamol na 'yan tebur, har ya kama amai da haki, kunnuwansa na ƙugi. A asibiti aka rubuta awon jini, muka biya. Yau ya ji dama, lokotoro kuma ya ce a sake. Baffanmu ya ce cin kuɗi ne. Mu biya, ko mu nemi labo mai araha cikin gari?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara sauƙi. Ku biya, kuma ki lallashi Baffa.

Hakin nan da kika gani, asfirin ne ke tsokano shi, jiki kuma na ƙoƙarin fitar da tsami ta numfashi. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami da ake kira pH. In ya faɗo ƙasa da haka, tsami ya yi yawa. Akwai gishirin da ke kashe shi a jini, bikarbonat, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya. Misali na bayar fa, kada wani ya jiƙa masa kanwa!

Awon da ke nuna wannan shi ne wanda ake rubutawa "gaz du sang". Galibi a wuyan hannu ake ɗiba, daga jijiyar da ke bugawa, kuma ba ya jira: cikin rabin awa ake son ya shiga na'ura. Jinin da aka zaga gari da shi bisa babur a zafin Tawa, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, kin biya a banza. Inda babu na'urar, iyonogaram, wato awon gishirin da ke cikin jini, mai haɗe da bikarbonat yana haska wa likita hanya.

Amma ni parasetamol ya fi tsorata ni. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya 8 ke nan na miligiram 500. Wanda ya zarce yakan tashi garau ranar farko, har ya nemi fura, sai a kwana na 2 ko na 3 hanta ta nuna ta ji jiki. Shi ya sa awon jiya ba ya wakiltar na yau. Maganin da ke kare hantar, asetilsistayin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko, ko da yake ana bayarwa bayan nan.

In aljihu ya kasa ɗauka, kada ku soke wani awo daga takardar da kanku. Ki ce wa lokotoro kai tsaye: ga abin da ke hannunmu, wanne ba ya jira? Na hanta, na daskarewar jini da kireyatinin na ƙoda su ne zan riƙe. Ki tattaro masa fankon ƙwayoyin ma, har na ƙarƙashin filo, don na tebur ba kullum abin da ke rubuce ne ke ciki ba. Haƙorin kuma a kai shi a duba da zarar an sallame shi.