Yadda ake gane kason cutar da taba ta jawo

Malam, ka tambaya yadda likitoci suke cewa taba ce sanadin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na mace-macen kansar huhu a Amurka, alhali wanda bai taɓa busa ta ba ma yana kamuwa.

Rukuni biyu ake kwatantawa. A ce ka bibiyi 'yan kasuwar Mile 12 ta Legas su 1,000 masu shan taba, da wasu 1,000 marasa sha, shekara da shekaru. Mutum 40 cikin mashaya suka kamu da kansar huhu, 10 cikin marasa sha. Ke nan cikin mashaya 40 ɗin ma, goma ko babu taba da sun kamu, hayaƙin janareto da na motocin haya na danfo ma ya ishe su. Ragowar 30 ɗin su ake jingina wa taba, wato kashi 75 cikin 100 na mashayan da suka kamu.

Kason Legas baki ɗaya kuwa sai an san yawan mashaya a garin, in ba su da yawa kason ya ragu. Wani masanin cututtuka a Amurka, Morton Levin, ne ya fitar da wannan lissafi a 1953. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne mantawa da shekaru da sana'a, don in mashayan sun fi tsufa, za a ɗora wa taba laifin da ba nata kaɗai ba.